Ranar da Mai Ciwon Suga Ya Kwanta Zazzaɓi

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta, Mai saukar da waraka. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Damina ta kankama, sauro ya yi yawa a Kuje, tun daga cikin gari har Chibiri da Gaube da Rubochi. Da wuya a idar da sallar Magariba a masallacin nan ba a miƙe an ce a sa wane a addu'a ba, yana kwance. Ga yawancinmu abin na kwana 3 ne, a sha magani, a yi gumi, a koma kasuwa. Amma akwai waɗanda zazzaɓin kwana 3 yake iya zame musu ajali, su ne masu ciwon suga. A kansu nasiharmu ta wannan Juma'a take, da matan da ke jinyarsu, da 'ya'yansu, da abokan zamansu na ɗaki da na shago. Ni almajiri ne, ba likita ba. Abin da na kawo na ɓangaren magani shi ne abin da likitocin wannan ciwo suka haɗu a kansa, kuma ba zai maye gurbin zuwa wurinsu ba.

Ga maganar da nake so ta zauna a kowane gida: wanda likita ya ɗora a kan allurar insulin ba ya barinta don ya kwanta rashin lafiya, ko da bai sa ko loma ɗaya a bakinsa ba.

Na san yadda hankali yake kai mutum ga akasin haka. Maigida yana kwance yana rawar sanyi, ya ƙi tuwo, ya ƙi shayi. Uwargida ta ɗauko kwalbar allura, sai ta tsaya ta ce, “Ai Alhaji bai ci komai ba, in aka yi masa allura suga zai faɗi ya suma. Bari dai sai ya ci abinci.” Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma lissafin a fuska daidai yake. Amma jiki ba da wannan lissafin yake aiki ba.

Ku da kuke kasuwa za ku fi kowa gane misalin. Suga a cikin jini kamar kaya ne da tirela ta sauke a bakin kasuwa. Tsokar jiki da gaɓoɓi su ne shaguna. Insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe shagunan kaya su shiga. Allah Ya halicci wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci suna kiranta fankiriyas, ita ke samar da wannan mabuɗi. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, gaɓar tasa ta daina aiki gaba ɗaya. Mai nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a tsakanin manyanmu, yana da mabuɗin amma ya yi kaɗan ko kuma kwaɗon ya yi tsatsa. To, idan cuta ta shigo, maleriya ce ko taifot ko mura mai zafi ko maruru ko gyambon ƙafa, sai jiki ya shiga shirin yaƙi. Ya saki wasu sinadarai da ke umartar hanta ta buɗe sito ta fito da sugan da ta ajiye, har ta ƙera sabo, kuma waɗannan sinadarai suna rage wa insulin ƙarfi. Shi ya sa za ka ga mutum ya yini bai ci komai ba, a auna shi a samu suga ya haura 300. Kaya sun cika bakin kasuwa, shaguna a kulle, ga shi mai gadi ya jefar da mabuɗi.

Abin da ke biyo baya shi ne abin tsoron. Gaɓoɓi suna jin yunwa alhali jini cike yake da suga, sai jiki ya koma ƙona kitse. Ƙona kitse babu insulin yana haifar da wani guba da ake kira kiton, wanda ke sa jini ya yi tsami. A lokaci guda ƙoda tana ƙoƙarin zubar da sugan ta fitsari, tana kwashe ruwan jiki da gishirinsa. Mutum ya yi ta fitsari, ƙishirwa ta ƙi yankewa, amai ya zo, ciki ya murɗa. Ga mai nau'i na ɗaya, wannan yana iya kai shi ga dogon suma cikin yini ɗaya ko biyu. Ga dattijo mai nau'i na biyu abin yakan zo a hankali, cikin kwanaki, suga ya haura 600, jiki ya bushe, ya fara sambatu da barcin da ba na lafiya ba. Sau da yawa jiki ya fi buƙatar insulin ranar rashin lafiya a kan ranar da mutum ke kan ƙafarsa. Ko a ƙara adadin, ko a rage na lokacin cin abinci, ko a rage ruwa-biyun nan da ake yi safe da yamma idan awo ya nuna suga ya yi ƙasa, wannan hukuncin likita ne. Abin da babu shi a tsarin shi ne a daina ɗungurungum.

Mu tuna ni'imar Allah a kan wannan 'yar kwalba. Kafin shekarar 1921, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya wuce shekara 1 ko 2 sai a kai shi makwanci, ko ɗan sarki ne. A wannan shekara ce wani likita mai suna Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, wanda ya rame ya kusa tafiya, Allah Ya tashi kafaɗunsa ya ƙara shekara 13 a duniya. Ya zo a hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa kowace cuta tana da magani, sai dai wasu su san shi wasu su jahilce shi. An yi ƙarnoni ba a san wannan ba, sai Allah Ya sanar da wanda Ya so a lokacin da Ya so. Wanda aka miƙa wa irin wannan kyauta ya ajiye ta a kan taga ya juya wa bango fuska, me zai ce ya yi da ni'imar?

Akwai mai cewa, “Malam, ni na dogara ga Allah. In kwana ya ƙare ya ƙare.” Gaskiya ne, babu mai ƙara wa ajali ko daƙiƙa. Amma ɗan uwana, da ka tashi tahowa masallaci yanzu, ka kulle shagonka ko ka bar shi a buɗe? Ka sa kwaɗo biyu ma. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi ya ɗaure ta tukun sannan ya dogara. Kuma da ƙauyawan Larabawa suka tambaye shi ko su nemi magani, umarni ya ba su da su nema. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi mulki a Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula da yaƙe-yaƙe sai da ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani. Waɗannan su ne magabatanmu a tawakkali, ba mu fi su ba. Jikin nan amana ne aka ba ka, yana da haƙƙi a kanka kamar yadda iyalinka suke da shi, kuma haka Annabi (SAW) ya karantar da Abdullahi ɗan Amru lokacin da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare.

To me za a yi a aikace idan ciwo ya kwantar da mutum? Farko awo. Na'urar awon suga ita ce idonka a wannan rana, wanda ba shi da ita tafiya yake cikin duhu. A auna duk bayan awa 3 ko 4, har cikin dare, ga yaro kuwa duk bayan awa 2. A rubuta lokaci da lamba a takarda, ko bayan kwalin magani ne, domin abin da likita zai fara tambaya ke nan. A kula, na'urorin iri biyu ne. Wata tana ba da manyan lambobi kamar 90 ko 250, wata ƙanana kamar 5 ko 14. In ka ninka ƙaramar sau 18 za ta ba ka babbar. Ƙasa da 70 a mai manyan lambobi, wato ƙasa da 3.9 a ɗayar, suga ya faɗi. Sama da 250, wato wajen 14, awo biyu a jere, magana ta fara girma, lokacin neman likita ya yi. Akwai 'yan tsinkayen gwaji da ake tsomawa a fitsari su nuna ko akwai kiton, duk gidan da ke da mai allura ya kamata ya tambaya a kantin magani ya ajiye.

Sai ruwa. Babba ya riƙa shan kamar rabin ledar fiya wata duk awa, kurɓi kurɓi, ko da ba ya so. In akwai amai ko gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da suga na leda da ake ba yara. Ɗan sugan da ke ciki bai kai haɗarin bushewar jiki ba. Romo mara maiƙo yana mayar da gishiri. In tuwo ya ƙi shiga, kada a bar cikin haka nan tunda ana allura: kofin koko ko kunu, ɗan burodi, ɗan fate, kaɗan kaɗan duk bayan awa 3 ko 4. In awo ya nuna suga yana sama sosai, ruwa zalla za a fi ba shi. In yana ƙasa, a ba shi mai zaƙi. Awon ne dai alƙali. Wanda likita ya taƙaita wa shan ruwa saboda ciwon ƙoda ko zuciya, shi ya bi abin da aka gaya masa.

Masu shan ƙwaya hukuncinsu daban, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Metfomin, wadda wasu suka fi sani da Glucophage, likitoci kan ce a dakatar da ita na ɗan lokaci idan amai da gudawa suka tsananta har jiki ya fara bushewa, saboda ƙoda. Haka wasu magungunan hawan jini da masu sa fitsari, da sababbin ƙwayoyin nan da ke fitar da suga ta fitsari. Ita kuma gilibenkilamaid, wato Daonil, tana iya kayar da suga warwas idan mutum ya sha bai ci abinci ba, musamman tsoho. Kun ga ke nan abin da ya dace da Alhaji mai allura bai dace da Hajiya mai ƙwaya ba. Don haka tun kana da lafiya, ranar da ka je ganin likita, ka ce masa, “Likita, in zazzaɓi ya kama ni ko na kasa cin abinci, wanne zan ci gaba da shi, wanne zan tsayar, nawa zan ƙara?” Ya rubuta maka, ka karɓi lambar wayar da za a kira. Tun ran gini ran zane.

Ina so in daɗe kaɗan a kan masu ba da fatawar magani babu sani, don mu Hausawa kowa likita ne a bakin tabarmar mara lafiya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir cewa suna cikin tafiya dutse ya fasa wa wani mutum kai, sannan ya wayi gari da janaba. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin ransa, ya kuma yi musu faɗa a kan me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Ku duba, waɗannan sahabbai ne, kuma alheri suka nufa. To ina ga wanda ya ce wa maƙwabcinsa, “Ajiye allurar nan, ita ke ƙara maka ciwo, ga garahuni da shuwaka ka jiƙa”? Ban hana kowa zogale a kwaɗonsa ba, abinci ne mai kyau. Amma babu ganye ko saiwa ko sassaƙe da ke maye gurbin insulin ga wanda jikinsa ya daina yin sa. Mai mota da lasifika da ke rantsuwa zai raba ka da suga har abada cikin kwana 7, gobe yana wata kasuwar, kai kuma kana gadon asibiti.

Haka nan 'yan uwanmu masu kemis, ku ji tsoron Allah. Ya zo a hadisi cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki, sau da yawa akwai deksametazon ko firedinisolon a ciki, kuma waɗannan suna harba suga sama. Dikulofenak da ibufurofen suna wahalar da ƙodar da ruwa ya riga ya yi wa ƙaranci. Magungunan tari na ruwa da yawansu suga ne. Kinin kuwa, da ita kanta maleriya mai tsanani, suna iya kayar da suga. Ka tambayi mai saye, “Kana da suga?” kafin ka miƙa masa komai. Kai ma mai saye ka faɗa da bakinka. Kuma ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, a yi gwajin jini tukun.

Yanzu ga alamomin da idan aka gan su an gama shawara, sai asibiti, ko ƙarfe 2 na dare ne. Amai da ya hana ko ruwa zama a ciki na tsawon awa 4, ga yaro ma ba a jira haka. Ciwon ciki mai tsanani. Numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu alhali yana kwance. Bakinsa yana wari kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ko kamar ruwan goge farce. Suga ya ƙi sauka ƙasa da 300 duk da allura. Kiton ya fito da yawa a fitsari. Barci mai nauyi, sambatu, rashin gane mutane. Mace mai juna biyu da ƙaramin yaro da tsoho, su tun kafin a kai nan ake tafiya da su.

A nan ne mu baƙi muke da wata al'ada da ke cin rayuka. Da jiki ya yi tsanani sai a ce, “A kai shi gida.” A yi karo-karo, a ɗauki shatar mota ko a nufi tashar Zuba, a kama hanyar Kaduna, Zariya, Kano, ko Katsina, ko Sakkwato. Na fahimci dalilin: can ne uwa take, can ne dangi, can ake ganin jinya za ta yi sauƙi, kuma a ƙasan zuciya akwai tunanin in ta Allah ta kasance gara a gida. Amma daga nan zuwa Kano ya haura kilomita 400. Mutumin da jininsa ya yi tsami, abin da yake buƙata shi ne ƙarin ruwa ta jijiya da insulin da gyaran gishirin jini, yanzu yanzu, ba bayan yini guda a bayan mota cikin zafi yana amai a leda ba. Ga Babban Asibitin Kuje a cikin garin nan. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, maƙwabtanmu. Ga Asibitin Ƙasa a cikin birni. Wannan hali ana warkewa daga gare shi idan an zo da wuri. A fara ceto ran a nan, in ya miƙe ya tafi gida da ƙafarsa ya huta wata guda in ya so.

Ɗaya gefen kuma shi ne faɗuwar suga, ita ma rashin lafiya na kawo ta. Mutum ya jiƙe da gumi mai sanyi, hannu na karkarwa, zuciya na bugawa, ido ya yi duhu. Wani ya fara faɗa ko surutun da ba kai, wani ya faɗi yana shure-shure. Mu kuwa da mun ga haka sai a ce iska ce, a ɗauko turare da tazargade, a aika a kira mai ruƙiyya. Ruƙiyya gaskiya ce, Alƙur'ani waraka ne, babu mai musun wannan a cikinmu. Amma idan ka san mutum yana da ciwon suga, ka fara auna shi. In babu na'ura kusa, ka ɗauka suga ne ya faɗi. Muddin yana iya haɗiya, ba shi suga mai ƙwaya 3 ko 4, ko cokali babba na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake awo, in bai haura 70 ba a maimaita, in ya dawo hayyacinsa a ba shi abinci. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu ne, domin zai wuce huhu ya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota, ana tafe ana karanta masa duk abin da ya sawwaƙa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin suga na dogon lokaci.

Tunda na ambaci zuma: Allah Ya ambace ta da waraka a Suratun Nahli, mun yi imani. Amma zuma zaƙi ce, tana ɗaga suga kamar yadda sugan kanti yake ɗagawa. Ga wanda sugansa ya faɗi, waraka ce nan take. Ga wanda nasa ke 350, ƙarin wuta ce. Kowane magani da muhallinsa da gwargwadonsa. Dabino ma haka. Mu kuma masu zuwa dubiya, Allah Ya ba da lada, haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan uwansa. Sai dai ledar Maltina da Lucozade da muke shiga da ita, mu tsaya a kansa muna “Daure ka sha, Alhaji, ka samu ƙarfi”, shi kuma kunya ta hana shi ƙi, wannan ba taimako ba ne. In kana son ka kyauta masa, saya masa kwalin tsinken awo, ko ka sa kuɗin a ƙarƙashin matashinsa.

Ita kanta allurar tana lalacewa, kuma lalatacciya kamar babu ce. Zafi mai yawa yana kashe ta, ƙanƙara ma tana kashe ta, don haka ba a sa ta a gidan ƙanƙara na firji. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kamar mako 4 a wuri mai sanyi-sanyi da inuwa. Mun san halin wutarmu, mun san zafin Kuje a watan Maris, balle cikin shagon kwano ko aljihun mota. Dabarar tana hannun iyayenmu tun da: tukunyar ƙasa. Wani malami daga Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye inda iska ke kaɗawa. Don tumatir da alayyafo ya yi ta, amma tana rage wa kwalbar insulin zafi, a sa ta cikin leda ko gwangwani don kada ta jiƙe. A duba sirinji kuma: akwai insulin mai lamba 40 akwai mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. In aka haɗa su ba daidai ba, mutum zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, ko ƙasa da rabi. Kowane magani a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Saura ibada, domin na san abin da ke damun dattawanmu ke nan. Ɗigon jinin da ke fita a yatsa wajen awo ba ya karya alwala a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma ɗan kaɗan ɗin da ya taɓa tufa an yi rangwame a kansa. Awo ba ya karya azumi. Allurar insulin a ƙarƙashin fata ita ma ba ta karya shi, domin ba ci ba ce ba sha ba ce. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance, wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. Azumi kuwa, Allah da kanSa Ya ɗauke wa mara lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu sun ce idan mutum ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumin wajibi ne a kansa, ba zaɓi ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zauna da likitoci a kan ciwon suga a Sharja a shekarar 2009, ta tafi a kan cewa masu haɗari mai girma kada su yi azumi, kuma mai ciwon suga da wata cuta ta kwantar yana cikinsu. Likitoci sun sa iyaka: mai azumin da awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ya ji alamun da muka lissafa, ya sha ruwa nan take, ko saura minti 10 a kira Magariba. Wannan ya haɗa da na Litinin da Alhamis da Sittu Shawwal. Wanda likita amintacce ya ce ba zai taɓa iyawa ba, ya ciyar. Kada kunyar “me mutane za su ce” ta sa ka ƙi karɓar sauƙin da Ubangijinka Ya yi maka.

Kunyar nan ita ce ta sa da yawa suke ɓoye ciwon. Akwai masu kwana su kaɗai a shago ko a ɗakin haya, iyali suna can Arewa, babu wanda ya san suna allura. In ka faɗi, wa zai gaya wa likita? Ka sanar da mutum 2 aƙalla, maƙwabcin shagonka da wanda kuke kwana kusa. Ka rubuta a 'yar takarda cewa kana da ciwon suga, da sunan maganinka da lambar wanda za a kira, ka sa a aljihu tare da katin shaidarka. Ranar da zazzaɓi ya kama ka kada ka kulle ƙofa ta ciki.

Na san kuma wasu ba ganganci ne ke sa su tsallake allura ba, babu ce. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, har akwai masu raba allurar yini ɗaya ta yi musu biyu. Masu hali a cikinmu, ga inda zakka da sadaka za su faɗa a muhallinsu: talakan da ba ya iya sayen maganin da ransa ya rataya a kai yana cikin waɗanda suka cancanta. Wanda ke cikin wannan hali ya samu liman ko ɗaya daga cikin dattawan masallaci a keɓe bayan salla, ba sai kowa ya ji ba. Masu mota da masu Keke da za su yarda a tashe su da dare idan ta kama a kai wani asibiti, su ba ladan lambobinsu yau kafin su fita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ce. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.